Sa Hannun Malamin Gona

Farfesa yana rubuta kwanan wata a gurbi na goma sha ɗaya aka ƙwanƙwasa ƙofa sau biyu, sannan aka yi ɗan tari.

Bai ɗaga kai ba. Ya san bugun. Mutum ɗaya ne a duk sashen nazarin ƙasar noma yake ƙwanƙwasa ƙofa haka, ɗalibinsa na digiri na biyu da kowa ke kira Malamin Gona. Dogon mutum ne mai shekara arba'in da ɗoriya, ma'aikacin gona a wani ƙauye mai nisa, wanda ke zuwa da ƙasa a ƙulle cikin ƙananan ledoji. Bugu biyu, tari ɗaya, kamar mai ba da haƙuri kafin ya yi laifi.

"Ba yau ba," in ji Farfesa da ƙarfi. "Karanta takardar da ke jikin ƙofa."

Takardar ta ce: ANA AIKIN TANTANCEWA, A DAWO MAKO MAI ZUWA. Watanta bakwai a manne. Tawadar ta koɗe, gefen takardar ya naɗe, makon bai zo ba.

Yau da ƙarfe biyu kwamitin tantancewa zai zauna a kan sashen. Fayil goma sha tara ake nema daga wurin Farfesa shi kaɗai, suna jibge a kan teburinsa har sun tare taga. Shaidar ya shiga aji. Shaidar ɗalibai sun gan shi ya shiga. Shaidar abin da ya ce zai koyar shi ya koyar. Akwai ma fom da ake cikewa a bayyana dalilin da ya sa wani fom ya makara. Shekara talatin da ɗaya yana koyarwa. A da yakan kwashe yini guda da ɗalibi ɗaya a kan dunƙulen ƙasa ɗaya, suna murzawa suna shinshinawa suna gardama. Yanzu rabonsa da ya taɓa ƙasa da hannu ya manta, sai dai ƙurar da ke kan fayil.

Abin da ke gabansa a lokacin shi ne littafin ganawa. Doka ta ce duk ɗalibin bincike ya zauna da malaminsa sau goma sha biyu a shekara, a rubuta rana, a rubuta abin da aka tattauna, ɗalibi ya sa hannu. Da yake cike takardu ya cinye lokacin zaman, malaman sashen suka samo hanya. Ranar farko ta shekara ɗalibi zai sa hannu a gurbi goma sha biyun gaba ɗaya, in kwamiti ya kusa zuwa malami ya bi ya cike ranaku. Suna kiran wannan sauƙaƙa aiki. Ƙarya ce. Ba ta da wani suna. Masu digiri uku-uku ne suke yinta, da biro mai tsada, kuma wannan bai rage mata komai ba.

Farfesa yana da biro uku don aikin, shuɗi da baƙi da wani mai dusashewa, don kada a gane a zama ɗaya aka rubuta. Ya rubuta a gurbi na goma sha ɗaya: An duba babi na uku. Ana samun ci gaba.

Aka sake ƙwanƙwasawa sau biyu. Aka yi tari.

Kafin ya yi magana ƙofar ta buɗe, Sakataren sashe ya turo tumbinsa ciki, rungume da kwalin takardu.

"Ranka ya daɗe, ka canza biro kuwa? Jiya wani Dakta a ofishin da ke ƙasanmu ya cike shekara guda da biro ɗaya, na ce masa ko dai a nuna wa kwamiti biron nan ne, ya cancanci ƙarin girma."

"Ka ce wa Malamin Gona ya dawo bayan an tashi."

"Wane Malamin Gona? Wani dattijo ne a nan. Tun ƙarfe tara yake tsaye, na ba shi kujera ya ƙi zama."

Dattijon ya shigo da sallama. Dogo ne shi ma, ya ɗan ranƙwafa, hannayensa manya, babban yatsansa na hagu ba farce. Ya tsaya a tsakiyar ofishin, ya dubi tulin fayil, ya yi tarin nan a dunƙulen hannunsa. Tarin Malamin Gona ne sak.

"Zauna, Baba. Sai dai ka yi haƙuri, yau muna da baƙi."

"Ba zan daɗe ba, ranka ya daɗe. Ni kafinta ne, na san mutum in yana kan aiki. Ni ne mahaifin ɗalibinka, mai kawo maka ƙasa."

"Ayya. Yana lafiya? Kwana biyu ban..." Farfesa ya dubi littafin da ke gabansa, ya haɗiye sauran maganar.

Dattijon ya daɗe yana kallonsa.

"Ashe saƙon bai iso ba. Matarsa ta ce ta turo a waya." Ya zauna a bakin kujera. "Allah ya yi masa rasuwa. Jibi wata uku cif. Zazzaɓi ne, kwana huɗu ya yi."

Sakatare ya ajiye kwalin a ƙasa, ya yi salati, ya fita a hankali.

Farfesa ya ce, "Allah ya jiƙansa," ya ji muryarsa kamar ta wani. Hannunsa ya lalubo waya. Ya yi ta ja da baya, yana wuce saƙonnin ofishin kula da inganci. Tunatarwa. Tunatarwa ta biyu. Tunatarwa ta ƙarshe. A tsakanin biyu daga cikinsu ya ga wata lamba da bai sani ba, saƙon ba a buɗe ba. Layi biyu ne. Ya karanta, ya kife wayar.

Sai ya sauke ido kan littafin. Gurbi na tara, na goma, na goma sha ɗaya. Ganawa uku da mutumin da ke cikin kabari. A kowace an duba babi, a kowace ana samun ci gaba. A gefen kowace ga sa hannun mamacin nan, a tsaye, da ɗan lanƙwasa a ƙarshe kamar lauje. Ƙasa da su ga gurbi na goma sha biyu, ba rana, ba bayani, sa hannun kaɗai yana jira.

"Baba," in ji shi, "makon jiya ka zo nan? Ranar Talata?"

"Yau na fara taka wurin nan. Sai da na tambayi mutum shida kafin na gane benen."

Farfesa ya koma baya da tunani. Ranar Talata an ƙwanƙwasa sau biyu. Ya tabbata an yi tari. Ya tuna ya ce ba yau ba. Makon da ya gabace shi ma haka. Wataƙila wani ne. Wataƙila kunnensa ne ya saba, kamar yadda ƙafa ke neman matakalar da aka riga aka cire. Bai taɓa tashi ya duba ba, don haka ba zai taɓa sani ba.

"Godiya na zo yi," in ji dattijon. "Duk dawowar da zai yi sai mu tambaye shi, ya ce Farfesa ya ce aiki yana kyau. Uwarsa takan yi ta murna. Ni ban yi boko ba, ban san me yake rubutawa har idonsa ya yi ja ba. Babbar 'yarsa ce ta matsa min. Ta ce, Kaka, je ka tambayo mana, abin da Baba ya rubuta mene ne, kuma ya kai ko bai kai ba. Ta ce kai kaɗai ka karanta."

Ya dafa gefen teburin don ya gyara zama. Teburin ya ɗan motsa. Hannun kafinta ba ya wuce irin wannan. Ya sake girgiza shi, ya karkata kai.

"Ƙafar bayan nan ta gaza. An yi mata ciko, amma cikon ya kwanta. Bari in gani."

"Bar shi, Baba."

Dattijon ya riga ya durƙusa.

A ƙarƙashin ƙafar teburin akwai ambulan mai ruwan ƙasa, an ninka shi biyu. Wata biyar da suka wuce aka turo shi ta ƙarƙashin ƙofa. Ranar ce aka kawo fayil na goma sha huɗu, teburin ya rinjaya, shayi ya kusa zubewa a kan fom. Farfesa ya sunkuya ya ɗauki abin da ya fi kusa da hannunsa ya cusa, da niyyar in ya sami katako ya ciro shi ya karanta.

Dattijon ya daɗe a durƙushe. Bai iya karatu ba, amma ya san rubutun ɗansa kamar yadda ya san tafiyarsa. Ya shafa bakin ambulan ɗin da yatsan nan marar farce. A liƙe yake, yadda aka kawo shi.

Ya tashi da ƙyar, ya koma kujera, ya ɗora hannayensa a gwiwa. Bai yi faɗa ba. Da ya yi, da Farfesa ya sami sauƙi.

A haka Shugabar sashe ta shigo da sauri, Sakatare a bayanta. Ɗalibar Farfesa ce a da, shi ya koya mata riƙe ma'aunin ƙasa, har yau Malam take ce masa. Ta yi wa dattijon ta'aziyya cikin ladabi, sannan ta roƙi Farfesa ya fito baranda.

"Malam, na ji. Wallahi jikina ya mutu. Amma ƙarfe ɗaya da kwata yanzu. A rajista yana nan da ransa, babu wanda ya kai rahoto. Ka ba ni littafin yadda yake. Gobe da safe ni da kaina zan rubuta takardar rasuwa."

"Na gana da shi sau uku bayan an binne shi."

"Kowa ya yi irin wannan, Malam. Ni ma na yi."

"Naki suna da rai."

"To me kake so? A ce wa kwamiti littattafanmu duka na bogi ne? In suka janye mana izini, ɗalibi ɗari biyu da sittin ne za su tsaya cak. Wasu saura musu wata biyu su gama. Shi dai ya riga ya tafi, Allah ya jiƙansa. Waɗannan fa?"

Maganarta gaskiya ce, kuma wannan ne munin abin. An gina aikin yadda in mutum ya faɗi gaskiya sai ya cuci wanda bai ji ba bai gani ba.

"Ko a ce littafin ya ɓata," in ji Sakatare a hankali. "Ɓera ma ma'aikacin jami'a ne, ya fi mu daɗewa a nan."

"Fayil sha tara aka rubuta, sha tara za su ƙirga," in ji Shugaba. "In ɗaya ya ɓata sun fi tsananta bincike. Malam, don Allah. Awa uku kawai."

Farfesa ya leƙa ta ƙofa. Dattijon yana zaune yadda suka bar shi, idonsa a kan ƙafar tebur. A bakin taga, bayan fayilolin, ledojin ƙasa bakwai suna jere, kowace da 'yar takarda a ɗaure a wuya.

Ya koma ciki, ya buɗe aljihun tebur, ya ɗauko jan biron da yake gyaran jarrabawa da shi. Sau biyu ya ga Malamin Gona a shekarar nan: ranar sa hannu, da wata rana a kan matakala, yana sauka da gudu zuwa taron horar da malamai kan cike sabon fom. Ya bar gurbi na farko. Daga na biyu zuwa na goma sha ɗaya ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana rubutawa a gefe da ja: Ba mu gana ba. A gefen ukun ƙarshe ya ƙara: Ya riga ya rasu. Ya sa hannu a ƙarƙashin kowane.

Ya miƙa wa Shugaba.

Ta duba, ta runtse ido. "Malam, ka kashe mu."

"Ki ce musu ni kaɗai ne. In suna nemana ina nan."

Ta tsaya kamar za ta ƙara magana. Agogon baranda ya nuna biyu saura kwata. Ta karɓa, ta ɗora a kan kwalin Sakatare, suka kwashe fayilolin a sahu uku. Da tulin ya tafi haske ya shigo ofishin, har ƙura ta bayyana tana yawo.

"Baba, kama min teburin nan."

Dattijon ya ɗaga gefe ɗaya da hannu guda. Farfesa ya durƙusa ya zaro ambulan ɗin. Ƙafar tebur ta bar masa rami mai kusurwa huɗu, ya shiga har cikin takardun. Teburin ya koma yana ɗingishi. Dattijon ya waiwaya yana neman abin ciko, bai ga komai ba, sai ya buɗe ƙofa ya ɓalle takardar da ke manne, ya ninka ta takwas, ya tura ƙarƙashin ƙafar. Ya girgiza. Ƙafar ta zauna.

"Ban taɓa karantawa ba," in ji Farfesa. "Ban taɓa ce masa yana kyau ba. Ban ce masa komai ba."

"Na gani."

"Rufa min asiri yake yi a wurinku."

"Haka yake tun yana yaro. In na dake shi, uwarsa ta tambaya, sai ya ce faɗuwa ya yi." Dattijon ya yi tari. "Motar garinmu sai ƙarfe biyar. Karanta ina ji. Ko ban gane ba, in ji da kunnena."

Farfesa ya yage bakin ambulan ɗin. Shafi arba'in da biyu. Ya fara karantawa a bayyane, yana tsayawa yana fassara wa dattijon da maganar yau da kullum. A kan gonakin da ake ba ruwa daga madatsa ne, yadda gishiri ke tasowa ya yi fari a kan ƙasa har shuka ta ƙi. Malamin Gona ya bi gona sittin da ƙafa, ya haƙa rami a kowace, ya auna, ya tambayi masu gonar abin da kakanninsu ke yi.

"Har gonar ƙanina ya haƙa," in ji dattijon. "Suka yi ta rigima, wai zai karya masa ƙafar saniya."

A gefen shafuka akwai rubutu da fensir, ƙanana, a karkace. Ba don kwamiti aka yi shi ba, ba don kowa ba, don Farfesa ne. Malam, wannan kalmar ta dace? Malam, na ga kamar na yi tsawo a nan. Malam, ka yi haƙuri da yawan tambaya.

A shafi na goma sha huɗu fensirin ya danne takarda sosai. Malam, lissafin nan ya ƙi fita. Na yi sau tara. In nan ya rushe, duk aikin ya rushe. Ko ni ne ban iya ba? Na zo ranar Talata.

Farfesa ya bi lissafin da yatsa. A layi na uku ya gani. Ɗigo ne ya zauna a inda ba wurinsa ba, ma'auni ɗaya aka ɗauka a madadin wani. Ya gyara a gefe, ya sake bi. Lissafin ya fita sumul, kuma ya nuna abin da Malamin Gona ya yi zato tun farko. Ya dubi agogo. Bai kai minti biyar ba.

Ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"Yaya?" in ji dattijon. "Ya ɓaci ne?"

"Bai ɓaci ba. Ɗanka ya yi daidai. Wata biyu ya yi yana zaton bai iya ba, alhali ya iya." Ya mayar da tabarau. "Ka gaya wa 'yarsa ya kai. Ka ce yau aka karanta, kada ka ce mata da can."

Dattijon ya gyaɗa kai, ya juya fuska wajen taga, inda ledojin suke.

Ƙarfe huɗu saura aka turo ƙofa ba tare da ƙwanƙwasawa ba. Shugaba ce, littafin ganawa a hannunta. Fuskarta ba ta murna ba ce, ba ta baƙin ciki ba. Farfesa ya miƙe yana gyara riga.

"Suna kirana?"

"Ba sa kiranka, Malam. Mun wuce."

"Ba ki ba su ba ke nan."

"Na ba su. A hannu na sa wa shugabansu. Fayil ɗari uku ne a gabansu, su huɗu, kuma gobe suna wata jami'ar. Ya buɗe, ya ɗora yatsa a layin sa hannu, ya ƙirga. Sha biyu. Ya yi alama a takardarsa." Ta dubi littafin. "Na kusa da shi ya hango jan biro, ya ce haka ake so, malami mai bibiyar aiki."

Babu wanda ya yi dariya, har Sakatare da ke tsaye a bakin ƙofa.

"Gyara ɗaya suka ba mu," in ji ta. "Wai gurbi na sha biyu babu kwanan wata. A cike kafin su tashi."

Ta ajiye littafin a buɗe a kan tebur, kusa da shafi na goma sha huɗu. Sa hannun yana nan a ƙasa, da lanƙwasarsa, shi kaɗai a layinsa, inda mai shi ya bar shi wata goma sha ɗaya da suka wuce yana murmushi yana cewa Allah ya sa kada ya zame wa Malam nauyi.

Farfesa ya daɗe yana kallonsa. Ya ture biro ukun nan gefe, ya ɗauki jan. Ya rubuta kwanan watan yau. A wurin abin da aka tattauna ya rubuta: Shafi na ɗaya zuwa na goma sha huɗu. Ya miƙa mata, ta karɓa ta fita, ta ja ƙofar a hankali.

"Saura nawa?" in ji dattijon.

"Ashirin da takwas. Za ka rasa mota."

"Akwai ta gobe."

Farfesa ya juya shafi na goma sha biyar. A can saman, da fensir, an rubuta: Malam, in ka iso nan, na gode.

Ya gyara murya, ya ci gaba da karantawa, kunnensa ɗaya yana wajen ƙofa.